JINKIRTA SHIGA JAMI'A NA SHEKARA GUDA: RIBA CE KO HASARA?

Jawabin da tsohon hedimastan makarantar firamare ta garinmu ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin ilimi da ya ga dacewar a bai wa tsohon mai alli dama ya ce wani abu a wannan taro mai albarka. Da aka aiko mana da takardar gayyata, an bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kansa. Da farko mun so mu koma kan batun rufin ajujuwa da ƙarancin kujeru, amma sai muka tuna da wata magana da ta taɓa hana mu barci, wadda kuma muke ganin nan gaba za ta riƙa shigowa gidajen da yawa daga cikinku mazauna birni.

A hunturun 2022 wani ɗan garin nan da ke aiki a Abuja, wanda mu muka koya masa baƙi da wasali a aji ɗaya, ya kira mu da daddare, muryarsa na rawa. Ɗansa mai shekara 17 ya sami gurbin karatu a wata jami'ar Amurka tun a watan Disamba, har da rangwamen kuɗin makaranta. An yi murna, an sanar da dangi, ana ta zuwa barka. Kwatsam sai yaron ya zo ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, ina roƙon arziki, a bar ni in jinkirta tafiyar nan shekara guda. Tun ina shekara uku nake cikin aji." Uban ya ce da mu, "Malam, don Allah ka gaya mini gaskiya, ko dai sammu aka yi wa yaron nan?"

Mun ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba sammu ba ne. Amma maganar gaskiya ita ce, mu ma a daren ba mu da cikakkiyar amsa. Sai da muka bincika, muka tambayi waɗanda suka fi mu sani, muka kuma waiwayi abin da muka gani cikin shekara 35 da muka yi muna koyarwa. Abin da muka tattaro ke nan muka kawo muku yau.

INDA AL'ADAR TA SAMO ASALI

A jami'o'in Amurka da dama, ƙofar neman shiga biyu ce. Akwai ta gama-gari, wadda akan rufe a farkon Janairu, sakamako ya fito wajen ƙarshen Maris. Akwai kuma ta masu sammako, wadda akan rufe a cikin Nuwamba, sakamako ya fito a tsakiyar Disamba. Wato ke nan yaro yana ajin ƙarshe na sakandare ya riga ya san inda za shi, wata takwas kafin a buɗe makaranta. Ita kanta ƙofar sammakon iri biyu ce. A wani tsarin, yaro yana da 'yancin karɓa ko ƙin karɓa har zuwa 1 ga Mayu. A ɗayan kuwa alkawari ne mai ɗauri, domin yaro da mahaifinsa da malamin makarantarsa duk sukan sa hannu cewa in an ɗauke shi nan zai zo, kuma zai janye takardunsa daga sauran jami'o'i.

Bayan an ɗauki yaro, jami'o'i da yawa sukan yarda ya rubuto ya nemi a ajiye masa gurbinsa na shekara guda. Jami'ar Harvard ta daɗe tana ƙarfafa wa waɗanda ta ɗauka guiwa su yi hakan. A 2016 fadar shugaban Amurka ta ba da sanarwar cewa Malia, babbar 'yar Shugaba Obama, ta sami gurbi a Harvard amma ba za ta fara ba sai 2017. Jami'ar Princeton kuwa ita da kanta ta kafa wani shiri a 2009, inda take tura wasu daga cikin sababbin ɗalibanta su yi wata tara suna aikin taimakon jama'a a wata ƙasa kafin su shiga aji, kuma Ghana tana cikin ƙasashen da aka fara da su. A 2020, lokacin annobar korona, kimanin ɗaya cikin biyar na sababbin ɗaliban Harvard sun jinkirta shigarsu.

A Ingila al'adar ta fi tsufa, har ma akwai wuri a takardar neman shiga jami'a da ɗalibi zai nuna cewa sai baɗi yake son farawa. Yarima William, da ya gama sakandaren Eton a 2000, bai shiga Jami'ar St Andrews ba sai 2001. A tsakani ya yi makonni a wani ƙauye na ƙasar Chile yana aikin ƙarfi da koyar da yara, har aka ɗauki hotonsa yana wanke ban-ɗaki, ya kuma yi aiki a gonar kiwon shanun madara. Jikan sarauniya ke nan.

To amma mu lura da kyau. Su waɗannan mutane ba sa yin abin da ka. Yaro sai ya karɓi gurbinsa, ya biya kafin alkalami, ya rubuta takarda cikin wa'adi yana bayyana abin da zai yi da shekarar, jami'a kuma ta amsa masa a rubuce. Galibi akan gindaya masa sharaɗin kada ya shiga wata jami'a neman digiri a wannan shekarar. Kuma ba kowace jami'a ce ke yarda ba, ba kuma kowane fanni ba. Malaman lissafi a Jami'ar Kambirij, alal misali, ba su cika son ɗalibi ya jinkirta ba, don gudun kada ƙwaƙwalwarsa ta yi tsatsa.

MU MA MUN SAN JINKIRI

Kada jin sunayen Turawa ya sa mu ɗauka abin baƙo ne fil a wurinmu. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya koma Bauci ya yi ta koyarwa, bai tafi ƙarin ilimi Landan ba sai 1945. Marigayi Malam Aminu Kano shi ma sai da ya koyar a Bauci kafin ya tafi Landan a 1946. Sun shiga ajin manya ne bayan sun san mutane, sun san talauci, sun san abin da ƙasarsu ke bukata, saboda haka duk abin da aka koya musu sun san inda za su ajiye shi.

Mu kanmu da muka fito daga kwalejin horon malamai a zamanin shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka ƙaddamar a 1976, ba a bar mu mun zarce ba. An tura mu ƙauyuka da keke da akwatin ƙarfe. Wasunmu sai da suka shekara uku, wasu biyar, kafin su sami tafiya kwalejin ilimi mai zurfi. A shekarar farko ta koyarwa muka gane cewa kashi-kashin lissafi da muka ci jarrabawarsa ba mu fahimce shi ba, sai ranar da yaro ɗan shekara tara ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don me?" Da muka koma karatu, mun fi waɗanda suka zarce kai tsaye sanin darajar kujerar da muke zaune a kai.

Sai dai akwai bambanci babba. Namu jinkirin yana da albashi, da hedimasta a kanmu, da sufeto mai zuwa ba sanarwa, da rajistar da muke sa hannu ƙarfe bakwai da rabi na safe. Wannan shi ne abin da ya raba shi da zaman kashe wando.

Har ila yau, 'ya'yanmu na yanzu sun san wani irin jinkiri wanda ba su suka zaɓa ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kimanin wata tara, na 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kowa a nan ya ga abin da wannan zama ya haifar. Wasu yaran sun fito da ɗinki ko gyaran waya ko kiwon kaji a hannunsu, wasu kuwa sun fito da abokan banza da barcin rana. Lokaci ɗaya aka ba su, amfanin ne ya bambanta.

Sannan ga batun shekaru. A birane yanzu ana kai yaro makaranta tun bai gama iya magana ba, a tsallake masa aji shida, wani lokaci har da aji biyar, sai ga shi ya gama sakandare yana da shekara 15. A 2024 an yi ta ka-ce-na-ce lokacin da Ministan Ilimi na wancan lokaci, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai mai shekara 18 za a ɗauka a jami'a. A watan Nuwamba na shekarar, wanda ya gaje shi, Dokta Tunji Alausa, ya mayar da ƙa'idar shekara 16. Ko ma dai mene ne ra'ayin mutum a kan wannan, gardamar ta tona wata gaskiya: muna tura yara jami'a da wuri ƙwarai, wasu ba su taɓa wanke kayansu da kansu ba, ba su taɓa riƙe kuɗin wata guda ba.

YADDA ƘA'IDA TAKE A NAN GIDA

A nan ne muke roƙon iyaye su buɗe kunnuwansu, domin kuskure a wannan gaɓa yana da tsada. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar share fagen shiga manyan makarantu, kuma sakamakonta na shekarar da aka yi shi ne kawai, ba a ajiye shi don baɗi. Tun daga 2017 ta hanyar na'urar hukumar ake ba da gurbi, ta nan kuma ɗalibi yake karɓa. A 2025 kimanin yara miliyan biyu ne suka yi rajistar wannan jarrabawa. Duk gurbin da ɗanka ya samu, akwai waɗanda ke tsaye a bayansa suna jira ya matsa.

Jami'o'inmu da yawa suna da tanadin jinkirtawa, amma a bisa al'ada sai ɗalibi ya karɓi gurbin, ya biya abin da aka ce ya biya, ya yi rajista, sannan ya rubuta takardar neman jinkiri ta hannun shugaban sashensa, da dalili mai ƙarfi kamar rashin lafiya ko rashin hali. Hukumar jami'a ce ke amincewa, kuma yawanci zangon shekara guda ake bayarwa. Kowace jami'a da nata tsarin, saboda haka zuwa da kai ya fi aike. A je ofishin magatakarda a tambaya, kada a dogara da abin da wani ya ce wani ya ce.

Mun san wani yaro a garin nan da ya sami gurbin karatun aikin injiniya a wata jami'ar tarayya. Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, mahaifinsa ya ce a bari sai baɗi, ai sunansa ya riga ya fito. Ba wanda ya rubuta ko da layi ɗaya. Da baɗi ta zo aka je, sai aka ce ba su san da shi ba. Ya sake zama jarrabawa sau biyu, makinsa yana raguwa, daga ƙarshe ya haƙura. Yau yana da sana'arsa, yana rufa wa kansa asiri, amma duk ranar da muka haɗu da shi sai mun ji ciwon takardar nan da ba a rubuta ba. Kuma da an kawo kuka gaban ƙungiyar nan, da kuɗin rajistarsa bai gagare mu ba. Yanzu ma ga asusun bai wa ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, wanda aka sa hannu a dokarsa a 2024, mai bayar da bashi marar ruwa ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Wanda rashin kuɗi ne kaɗai dalilinsa, ya fara ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi kafin ya yi maganar jinkiri.

ABIN DA AKE IYA SAMU

Na farko shi ne hankali. Shekara guda a wurin mai shekara 17 ba kamar shekara guda ba ce a wurin mai 60. Yaron da ya yi wata goma yana tashi da asuba don wani aiki da aka ɗora masa, yana karɓar faɗa daga wanda ba ubansa ba, yana lissafin kuɗin da guminsa ya kawo, ba zai shiga jami'a da irin idon da ya fito sakandare da shi ba.

Na biyu shi ne sanin abin da ake so. Da yawa daga 'ya'yanmu sun cike likitanci ko lauya ne don haka aka ce musu tun suna ƙanana. Wata uku a ɗakin shan magani na karkara ya isa ya nuna wa yaro ko zai iya jure ganin jini da kukan majiyyaci. Gara ya gane tun yanzu da ya gane a aji uku na jami'a, bayan an zuba kuɗi da shekaru.

Na uku, kuma shi ne ya fi shafar wannan ƙungiya, shi ne sanin gida. Mu faɗa wa juna gaskiya. Akwai jikokinmu da in sun zo hutun salla ba sa iya gaida kakarsu gaisuwa ta cika, ba su san sunan unguwar da aka haifi ubansu ba, ba sa bambance gero da dawa a gona. In irin wannan yaro ya tashi daga makarantar kwana ta birni ya faɗa jirgi yana da shekara 17, ya yi digiri na ɗaya da na biyu a can, wa zai zauna a kujerun nan da kuke zaune bayan shekara 30? Turawa suna biyan kuɗi su turo 'ya'yansu ƙauyukan Afirka don su koyi rayuwa. Mu ƙauyen namu ne, da ɗakin kwana da tuwon dare kyauta.

ABIN DA AKE IYA RASAWA

Ba za mu yi adalci ba in muka tsaya a nan, domin Hausawa da suka ce wani jinkirin alheri ne, su ne kuma suka ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Akwai hasarar kuɗi. A farkon 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A watan Yunin shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Uban da ya tanadi kuɗin makarantar waje a naira ya ajiye, ya wayi gari abin da ya tara bai kai sulusin darajarsa ta da ba. Bugu da ƙari, ba kowane tallafin karatu ne ke jiran mutum ba. Wani yakan bi gurbin zuwa baɗi, wani sai an sake nema, wani kuwa in ya wuce ya wuce ke nan.

Akwai hasarar hanya. Dokokin biza suna sauyawa ba tare da shawara da mu ba. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar da take bai wa 'yan Nijeriya ta shiga sau ɗaya, mai wa'adin wata uku, a Disambar shekarar kuma ta sanya Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta karatu. Jami'a tana iya ajiye wa yaro kujera, amma ba ita ke riƙe da mabuɗin ƙofar ƙasa ba.

Akwai hasarar shekaru. Hukumar yi wa ƙasa hidima, wadda aka kafa a 1973, ba ta ɗaukar wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala digiri, kuma bankuna da kamfanoni da dama sukan sa iyakar shekaru ga sababbin ma'aikata. Yaron birni mai shekara 16 yana da rarar da zai kashe. Yaron da ya gama sakandare a nan gida yana da shekara 22, bayan ya sha faɗi-tashi, ba shi da ita. Shawara ɗaya ba za ta yi wa su biyun daidai ba.

Akwai sanyin karatu. Wanda ya ajiye littafi wata goma sha biyu cur, musamman mai shirin karanta lissafi ko kimiyya, zai sha wuya a zangon farko.

Sai kuma babbar hasara, wadda muke roƙon iyayenmu mata su saurara da kyau. A wurin 'ya mace, shekara guda a gida takan zama ƙarshen karatu. Da an ga yarinya zaune, sai masu sallama su fara zarya, sai gwaggo ta fara magana, sai a ce ai ta ci gaba a ɗakinta. Wasu mazajen sun cika alkawari, muna yaba musu. Amma a rajistar makarantarmu akwai sunayen 'yan mata da suka riƙa zuwa na ɗaya tun daga aji ɗaya har aji shida, waɗanda aka ce su dakata shekara guda kawai, kuma har yau asibitin garin nan yana neman ma'aikaciyar jinya mace 'yar gari. Idan dalili ya sa za a jinkirta wa 'ya mace, to a ninka tsaron da ake yi wa gurbinta.

SHARUƊƊA BIYAR

Bisa ga abin da ya gabata, ga abin da muke ba da shawara duk uban da ɗansa ya zo masa da wannan magana ya tabbatar kafin ya ce to.

Na ɗaya, a riƙe gurbin tukuna. A karɓa, a biya abin da ya wajaba, a nemi izni a rubuce, a sami amsa a rubuce, a adana takardar inda ake adana takardar gida. Alkawarin baka na wani ma'aikaci ba hujja ba ne ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Na biyu, a tambayi makomar kuɗi: tallafin zai jira ko ba zai jira ba, kuɗin makaranta zai ƙaru ko ba zai ƙaru ba, kuma gida zai iya ɗaukar ƙarin.

Na uku, yaro ya rubuto da hannunsa abin da zai yi wata bayan wata, da wurin da zai yi shi. In ya kasa cika shafi guda, to bai shirya wa jinkiri ba, gajiya ce kawai ke damunsa, kuma maganin gajiya hutun mako shida ne. In kuwa tsoron tafiyar ne, a zauna da shi a ji abin da yake tsoro.

Na huɗu, a sa masa mai kula, babban mutum wanda yaron ke jin nauyinsa, wanda zai iya kiran uban ya ce yau kwana uku ban ga ɗanka a wurin aiki ba.

Na biyar, kada a rufe littafi. Ko awa ɗaya ce a rana, a riƙa bitar darussan da suka shafi fannin da za a karanta. A kuma sa ranar komawa tun yanzu, kowa a gidan ya san ta, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya cika waɗannan biyar, muna ganin a bar shi, da yardar Allah ba zai yi nadama ba. Wanda ya kasa cika su, ya ɗauki akwatinsa ya tafi makaranta.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Mai girma shugaba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon kwamitin ilimi ya duba abu uku. Ya ware mutum biyu ko uku daga cikin 'ya'yan garin nan da ke aiki a jami'o'i, waɗanda iyaye za su riƙa tuntuɓa kafin su yanke shawara. Ya keɓe wani kaso na asusun ilimi don biyan kuɗin rajistar duk ɗan gari da ya sami gurbi amma hali ya gaza, domin kada talauci ya sake cinye mana gurbi ko ɗaya. Sannan ya buɗe rajista ga 'ya'yan mazauna birni masu son yin shekararsu a gida: makarantunmu na firamare suna bukatar mai taimaka wa malamin lissafi da na Turanci, ɗakin shan magani yana bukatar mai rubuta kati, ga maƙera da masaƙa da manoman rani da za su karɓi almajirin sana'a da hannu biyu. Mu tsofaffin malamai da muka yi ritaya muna nan, ba abin da muke yi sai sauraron rediyo a gindin bishiya. A ba mu aikin kula da su.

KAMMALAWA

Za ku so ku ji yadda aka ƙare da yaron Abuja. Ya rubuta wa jami'arsa, ta amince a rubuce, ta kuma tabbatar masa da rangwamensa. Bayan ya gama jarrabawarsa ta ƙarshe, uban ya kawo shi garin nan da kansa ya damƙa shi a hannunmu. Ya zauna wurin kakarsa. Makon farko sauro da rashin wuta sun kusa kora shi, har ya kira uwarsa yana kuka. Mun ce a ƙyale shi. Ya koyar da lissafi a aji biyar har zango uku, ya yi girbin gero da 'yan'uwansa, hannunsa ya yi kanta. Ranar da zai tafi, yaran ajinsa suka raka shi har tasha. A watan Agustan 2024 ya shiga jami'arsa, kuma ya sauya fanni zuwa aikin injiniyan ruwa, saboda abin da ya gani a bakin rijiyar unguwar kakarsa cikin bazara.

Ba za mu ɓoye muku ba, uban ya biya farashi. Duk ranar da muka haɗu sai ya tuna mana abin da canjin kuɗi ya ci masa a wannan shekarar, kuma da jinkirin ya faɗo a wata shekarar, da wataƙila biza ta hana tafiyar ɗungurungum. Shi ya sa ba mu ce kowa ya yi ba. Abin da muke cewa shi ne, in ɗanka ya zo maka da wannan magana, kada ka daka masa tsawa, kada kuma ka ce masa to nan take. Ka ce ya kawo takarda da alƙalami ku zauna.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a gafarce mu. Allah ya raya mana zuriya, ya ɗaukaka garinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.